Software Manager ya ƙi buɗewa bayan ɗora Linux Mint: taƙaitawa

An tattauna wannan matsala ta Software Manager, wato manhajar da ake sauke sauran manhajoji da ita a tsarin kwamfuta na Linux Mint. Ga inda aka haɗu:

1. A buɗe Terminal (tagar rubuta umarni), a rubuta mintinstall, umarnin da ke buɗe Software Manager. Saƙon da ya fito shi zai nuna inda matsalar take, don haka kada a tsallake wannan.
2. A tabbatar da intanet da agogon kwamfuta. Buɗewar farko tana jinkiri, domin sai ya tattaro jerin manhajoji, har da na Flathub, wani rumbun manhajojin Linux a intanet.
3. A yi sudo apt update, sannan sudo apt upgrade.
4. In har yanzu ya ƙi buɗewa, a goge ~/.cache/mintinstall, inda yake ajiye bayanansa na wucin gadi.

Saɓanin yana kan sake ɗora tsarin dungurungum. Wasu sun ce a yi, mafi yawa sun ce a fara gwada sudo apt install --reinstall mintinstall, wanda ke sake ɗora Software Manager kaɗai. Ni ma nan na karkata.