An ba ni takardar tuhuma kan makara, me zan rubuta da Turanci?

Abban Sadiya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani kamfani a Bompai, gidana kuma Rijiyar Zaki. Daren Lahadi babu wuta, ga zafi ga sauro, yarinyata tana ta kuka saboda haƙori, ga uwarta ba ta jin daɗi. Waya ta mutu, ƙararrawa ba ta buga ba. Na yi asuba na ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai da rana ta shigo ɗaki. Yanzu manaja ya ce in ba da amsa a rubuce kafin gobe. Na rubuta "I slept late", abokin aikina ya ce kuskure ne. Wallahi hankalina a tashe yake.

Malam Na Gwale: Wa alaikumus salam. Rubuta "I overslept". Asalinta "oversleep", wato barci ya kwashe mutum ya zarce lokacin tashinsa ba da niyya ba. Abin da ka rubuta harshen damo ne: mu nan muna nufin ba a kwanta da wuri ba, Bature kuwa zai ɗauka ka daɗe ba ka tashi ba. Kuma ka guji "slept in", galibi barcin ganin dama ne, irin na ranar hutu. "Slept over" kuwa kwana ne a gidan wani.

Maman Ilham: Ɗan uwa, kar ka ambaci barci sam. Ka ce cunkoson Kabuga ne ya riƙe ka.

Malam Na Gwale: Hajiya, ƙarya za ki koya masa?

Ɗan Kurna: Mu wata biyu ba albashi, amma minti goma ka makara sai a yanke maka kuɗi. Su wa ke ba su takarda?

Abban Sadiya: Malam, na gode, amma ni gani nake tawa ta fi nuna uzuri, ai da gaske ban kwanta da wuri ba. Taka kamar na amsa cewa ni malalaci ne.

Malam Na Gwale: Sai ka haɗa: ka makara saboda jinyar yarinya. Kalmar dai ita ce wadda na faɗa maka.

Maman Ilham: Tukuna, wannan ne karon farko da ka makara?

Abban Sadiya: Hajiya, wannan wata magana ce daban. Akwai wanda yake da samfurin irin wannan wasiƙar?