Wane tsarin kai hari ya dace da ƙungiyar ɗalibai mai gajeren lokacin atisaye?

Ɗan Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu horarwa. Shawara nake nema kan ƙungiyar ƙwallon ɗalibai ta wata babbar makaranta a nan Kaduna, wadda za ta shiga wasannin share fage na gasar makarantu nan da mako 8. 'Yan wasa 22 ne. Ana atisaye sau 3 a mako, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, wajen minti 80, kuma da wuya kowa ya hallara saboda lacca da gwaji. Filin tsandauri ne, rabinsa ba ciyawa. Akwai lamba 7 da 11 ('yan gefe) masu gudu sosai, lamba 9 dogo mai iya sa kai amma ba sauri, lamba 10 mai ƙafa mai kyau wanda ba ya son komawa baya, sai lamba 4 (ɗan tsakiya mai tsaro) guda ɗaya tak da za a dogara da shi. Lamba 5 da 6 ('yan baya na tsakiya) ƙarfafa ne, sai dai juyawarsu da nauyi, kuma ba su iya fita da ƙwallo a ƙafa ba. Gola yana da kamu, ƙafarsa ce matsala. Yaran suna son 4-3-3 na ƙananan fas irin na Barcelona, wasu kuma suna cewa a yi baya uku. Wanne ya kamata a ɗauka, kuma ta ina za a fara koyar da shi?

Kocin Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam, fara lissafa lokacinka tukuna. Mako 8 sau 3 zama 24 ke nan, kowanne minti 80, jimla awa 32, kuma a ciki za a cire ɗumama jiki da ranakun da gwaji zai cinye. Wasan ƙananan fas tun daga gida ba ya zama a awa 32. Xavi da Iniesta da Busquets duk daga La Masia suka fito, makarantar horon Barcelona, salo ɗaya aka raine su a kai kafin Guardiola ya karɓi ƙungiyar a 2008, kuma a kan ciyawar da ake yi wa ban-ruwa kafin wasa suke taka shi. Ɗalibanka kuwa wasu bana za su gama, wasu za su tafi IT (koyon aiki a wajen makaranta), baɗi sabbin fuskoki za ka gani.

Sannan wannan salon a ƙafar mutum uku yake tsayawa: gola, lamba 5 da lamba 6. Su ne kuma ka ce ba su da ƙafar. Tun da aka sauya doka a 2019, aka yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola a cikin yadi na 18, ƙananan ƙungiyoyi da yawa suke kwaikwayon farawa daga gida, a nan kuma ake ƙwace musu ƙwallo a bakin ragarsu. A tsandauri fas ɗin ƙasa yakan yi tsalle daidai lokacin da za a tare shi, sai ɗan baya ya ƙara taɓawa ta biyu, kafin ya ɗaga kai an rufe shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ka ɗauki 4-4-2, amma lamba 10 ya tsaya bayan lamba 9, wato 4-4-1-1, ku yi wasan harin ba-zata ta gefe.

In ba ku da ƙwallo, layi biyu ne na mutum hurhuɗu. Tsakanin layin baya da na tsakiya kada ya wuce mita 10 zuwa 12, daga lamba 5 zuwa lamba 9 kuma kada ya wuce mita 35. Tunda 'yan bayanka ba su da sauri, kada layinsu ya hau har tsakiyar fili, su tsaya wajen mita 10 zuwa 15 a gaban yadi na 18. Wannan tsayuwar ita ce take jawo abokan karawa su fito, su bar fili a bayansu, filin da 7 da 11 suke buƙata.

Da zarar an ƙwace ƙwallo, fas ɗin farko gaba zai tafi. Hanya uku kawai za ka koya musu, a maimaita har su iya ba tare da tunani ba. Ta farko: wanda ya ƙwace ya ɗaga wa lamba 9 a ƙirji, shi ya sauke wa lamba 10 da taɓawa ɗaya, lamba 10 ya zura ta bayan lamba 2 ko 3 nasu ('yan bayan gefe). Abin da yake ɓata wannan shi ne ɗan gefe ya tashi da wuri ya faɗa satar gida. Ka ce masa ya fara gudu lokacin da ƙwallo ta bar jikin lamba 9, ba lokacin da aka ɗaga ta daga baya ba. Ta biyu: doguwar ƙwallo a karkace daga lamba 4 zuwa ɗan gefen da ke can ɗaya ɓangaren, a jefa ta a gabansa ya bi ta, kada a ba shi a ƙafa. Ta uku ita ce ƙarewar: in ɗan gefe ya kai layin ƙarshe, lamba 9 ya ruga turken kusa, ɗaya ɗan gefen ya rufe turken nesa, lamba 10 ya iso ɗigon fenareti a makare, lamba 8 ya tsaya bakin 18 don wadda za ta dawo. Yawancin yara dukansu wuri ɗaya suke rugawa, sai kuros ya wuce ta bayansu ba kowa.

A lokacin hari lamba 2 da 3 ba sa hawa tare. Ɗaya ya hau, ɗaya ya tsaya, ya zama kullum mutum uku ne a baya da lamba 4 a gabansu.

In yaran suna ganin tsohon yayi ne, tuna musu da Super Eagles ta koci Westerhof a 1994: Finidi a dama, Amunike a hagu, Yekini da Amokachi a gaba, kuma su biyun nan na gaba a Kaduna aka haife su, Yekini ya fara da ƙungiyar UNTL, Amokachi da Ranchers Bees. Ƙwallon farko da Najeriya ta ci a gasar kofin duniya, a wasan da ta doke Bulgeriya 3-0, Finidi ne ya kutsa ta dama ya miƙo ta a ƙasa, Yekini ya tura raga. Leicester ma da 4-4-2 ta ɗauki kofin Firimiya a kakar 2015/16 da maki 81, Vardy ya ci 24, alhali a yawancin wasanninta abokan karawa ne suka fi riƙe ƙwallo.

Baban Khalifa, Kawo:

Koci, na yarda da kai a kan barin ƙananan fas daga gida, amma akwai rami a tsakiyar tsarinka. A kakar nan Leicester tana da Kante a tsakiya, kuma Okazaki da ke bayan Vardy ba ya gajiya da komawa baya. Malam ya ce lamba 10 ɗinsa ba ya komawa. Ke nan duk ranar da suka haɗu da masu 'yan tsakiya uku, lamba 4 da 8 za su zama biyu a kan uku. Lamba 4 zai fita ya tari mutum, na ukun ya shiga gurbin da ya bari, ya juya yana fuskantar 'yan baya masu nauyin juyawa. Ta nan za a riƙa cin su.

Gyaran iri biyu ne. Ko dai ɗan gefen da ƙwallo ba ta ɓangarensa ya matso ciki har daidai da turken kusa da shi, ya zama na uku a tsakiya, ko kuma a koma 4-1-4-1 a irin waɗannan wasannin: lamba 4 shi kaɗai a gaban 'yan baya, ba ya barin wurin, lamba 8 da wani mai huhu a gabansa. Haka Maroko ta yi a gasar kofin duniya ta 2022 a ƙarƙashin koci Regragui, Amrabat yana zaune a gaban 'yan baya, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Hanyoyin harin nan uku da ka zayyana ba sa canjawa, mutum ɗaya ne kawai ya sauka.

Batun baya uku kuwa, Malam, ka ajiye shi. Conte ya koma 3-4-3 a Chelsea bayan Arsenal ta ci su 3-0 a Satumbar 2016, ya ci wasa 13 a jere a Firimiya, amma nauyin yana kan Victor Moses da Alonso, masu hawa da sauka a layin da ya haura mita 100 har a tashi. Ɗalibin da ke atisaye sau uku a mako ba zai yi wannan ba a gasar da ake jera wasanni cikin 'yan kwanaki, kuma za ka mayar da 7 da 11 masu tsaro, ka kashe makaminka da hannunka. Ga shi kana buƙatar 'yan baya na tsakiya uku da na canji.

Abin da ya fi damuna shi ne lamba 4 guda ɗaya. Kati ko targaɗe ya isa ya rushe komai. Tun wannan makon ka zaɓi wani, ko daga cikin masu buga lamba 2 ne, ka riƙa ba shi rabin kowane atisaye a wurin.

Mai Usur:

Bari in ƙara ta ɓangaren doka, don akwai ƙwallaye a ciki da ake bari. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga bugun gola, ko jifa, ko kwana. Saboda haka a bugun gola, 7 da 11 suna iya tsayawa a bayan ɗan bayansu na ƙarshe, wannan yana tilasta wa layinsu ja da baya. Amma a lura, da zarar lamba 9 ya taɓa ta da ka, daga wannan taɓawar ake duba satar gida, don haka su dawo daidai layi kafin ya sa kai. In ƙafar gola ba ta kai tsakiyar fili, lamba 5 ya riƙa bugawa, doka ba ta hana ba.

Mai lamba 9 dogo da 'yan baya ƙarfafa ya kamata ya ware minti 15 a kowane zama don kwana da doguwar jifa. Kwana iri biyu sun isa: ɗaya zuwa turken kusa a goga ta da ka, ɗaya zuwa turken nesa inda dogon yake, tare da alamar hannu da kowa ya sani. A bugun tazara, in katangarsu ta kai mutum uku, naku su nisance ta da mita 1, in ba haka ba za a busa a ba su. Gola kuma ya sani, daga 2025 in ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, kwana ake ba abokan karawa. Yawan canji kuwa ka karanta takardar ƙa'idar gasar, kada ka ɗauka lallai biyar ne.

In gasar ta faɗo cikin hunturu, kyaftin ya duba iska kafin a jefa kwabo. Doguwar ƙwallo da iska a baya takan zarce ta tafi hannun gola, wadda aka buga ana fuskantar iska kuma takan tsaya a sama ta faɗo kusa.

Ɗan Unguwar Rimi:

Allah ya saka da alheri. Saura biyu: yaya za a raba makonni takwas ɗin, kuma lamba 10 a ajiye shi a benci ne ko yaya?

Kocin Tudun Wada:

Baban Khalifa ya yi gaskiya kan tsakiya, ka riƙe 4-1-4-1 a matsayin tsari na biyu. Lamba 10 kuwa kada ka ajiye shi, shi ne mai fas ɗin da zai saki 7 da 11. Aiki ɗaya za ka ɗora masa in ba ku da ƙwallo: ya tsaya a jikin lamba 4 nasu, ya hana a ba shi. Ba a ce ya bi kowa har gida ba. In ya kasa wannan a wasan gwaji biyu, sai ya zama ɗan canjin minti 30 na ƙarshe.

Mako biyun farko na tsayuwa ne. Zana layuka a fili da toka, ka tsayar da mutum takwas na baya da tsakiya, 'yan benci su riƙa zagaya ƙwallo a gabansu, su kuma suna matsawa tare dama da hagu, kana tsayar da wasa duk lokacin da tazarar ta buɗe. Mako na 3 zuwa na 5 na hanyoyin harin ne: minti 10 ba abokin karawa, sannan mutum huɗu a kan uku daga tsakiyar fili, da sharaɗin a buga raga cikin daƙiƙa 10 ko a ba wasu. Kowane ɗan gefe ya samu kuros aƙalla 10 a zama, rabi a sama, rabi a mayar baya a ƙasa. A mako na 6 da na 7 ka nemi wasan sada zumunci biyu, ɗaya da ƙungiyar da ta fi ku, ɗaya da wadda za ta koma gida ta tsare, domin ita ce za ta nuna maka raunin wannan tsarin: in ba fili a bayansu, gudun 7 da 11 ba ya aiki. A irin wannan wasan lamba 2 ko 3 ya hau ya zagaya ta bayan ɗan gefe su zama biyu a kan ɗaya, a yawaita kuros da neman kwana. In da hali, ɗaya daga cikin wasannin a yi shi a fili mai ciyawa mai cikakken faɗi, saboda yaran da suka saba da ƙaramin tsandauri sukan kasa auna doguwar ƙwallo a babban fili. Makon ƙarshe a rage gudu, zama ya koma minti 50 zuwa 60, a maimaita kwana, jifa da fenareti, kuma kada a shigo da wani sabon abu.