Tarwada baƙuwa ce ko 'yar gida?

Mai Fatsa: Abin nan yana min ciwo. Tun taron Abuja na 2018 ake ta maganar jawo ruwan yankin Kwango zuwa Tafkin Chadi, amma ba mai tambayar kifin da zai biyo ruwan. Ku dubi Afirka ta Kudu. A 1975 aka buɗe ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 83, daga madatsar Gariep ta kogin Orange zuwa kogin Great Fish. Ruwa ya tafi, tarwada ta bi shi, baƙuwa ta sauka a kogin da bai taɓa saninta ba, har ta kai kogin Sundays.

Hajiya Mai Kiwon Kifi: Baƙuwa? Malam, gyara kalmarka. Sunanta na kimiyya ma daga Gariep aka ciro shi. Kifin Afirka a ruwan Afirka, ina baƙunta?

Ɗan Masunta: Hajiya, kifi ba ya da fasfo, kogi ne ƙasarsa. Idan tsaunuka suka raba koguna biyu, wanda ya ƙetara baƙo ne. Tarwada tana shaƙar iska, tana jure ruwan laka, tana cin duk abin da ya shiga bakinta. Ƙananan kifayen can ba su tashi da irin wannan maƙwabciya ba.

Hajiya Mai Kiwon Kifi: Ku dai so kuke ku ɓata sunan abin da muke ci da shi. Masu kamun nishaɗi ma sun yi ta kai ta madatsai da hannunsu, me ya sa rami kaɗai ake zagi?

Injiniya: Yaya, a kafa raga a bakin ramin, magana ta ƙare.

Ɗan Masunta: Wace raga? Ƙwan tarwada bai kai milimita 2 ba, 'ya'yan kuma kamar zare suke. Raga mai idon da zai tare su, ciyayi da laka za su toshe ta, ruwa ya ragu, manoman rani su tayar da hankali, a ɗage ta.

Injiniya: To lantarki. A magudanar Shikago ta Amurka tun 2002 shingen lantarki ke aiki a cikin ruwa.

Ɗan Masunta: Babban kifi ya fi jin girgizar. Ƙanana na samun sauƙi, jiragen dakon kaya masu jikin ƙarfe kuma suna raunana wutar, kifi ya maƙale a tsakaninsu ya wuce.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ka bar mana lissafin wuta, riƙe komarka.

Mai Fatsa: Jama'a, Tafkin Chadi fa nake magana!

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: tarwada 'yar gida ce, masu kiwonta ba su da laifi, gyaran raga kuma aikin injiniyoyi ne.

Ɗan Masunta: Shugaba, da wa aka tsayar?