Musayar waƙa: Tarayya ce ko rabon miya?

Ɗan Kwari:
Salam jama'a, jiya gardama ta kaure a shago kan sake fasalin ƙasa har muka kusa rasa jam'in la'asar. Ga tawa ƙwar biyu, amsa-amo "ya", mai ji da kansa ya fito.

Abuja ke da tukunya, ita ke riƙe da ludayi,
Jiha ta miƙa akushi, wai sunan wannan tarayya.
A 1954 yankuna uku, kowa da aljihunsa,
Gyaɗar Kano ta riƙe Arewa, ba roƙo ba jin kunya.

Malamin Gwale:
Alhaji auna shadda, bar tarihi ga masu shi,
In an saki jihohin yau, albashi wa zai biya?
Sako-sako aka nema a taron sulhun Aburi a 1967,
Wata shida tsakani sai bindiga ta hau hanya.
Amurka ma ta gwada, majalisa ba ikon haraji,
A 1789 ta sake tsari, ta ƙarfafa tsakiya.

'Yar Fagge:
Kai Malam! Allah ya ƙara basira, a miƙa wa Alhaji ruwa ya sha 😂

Ɗan Dawanau:
Hajiya ke kullum bayan Malam kike ko tari ya yi sai kin ce ya yi fasaha. Ni ga tawa:

Ku bar Aburi ku zo Dawanau ku sha kallo,
A 2023 an rufe iyaka, motoci sun kwan Jibiya.
ECOWAS ta sa takunkumi, mu muka yanke wa Nijar wuta,
Ɗan Maraɗi da ɗan Kano su suka ɗau wuya.
Janairun 2025 Nijar, Mali, Burkina suka fice,
Mai horo bai ciyar ba, wa zai masa biyayya?

Mai Aruli:
Ku yi haƙuri amma dole in yi magana. Malam ka karanta ɗangonka na uku da baki mana, "dubu ɗaya da ɗari tara da sittin da bakwai", a wane kari wannan zai zauna? Ba Mutadarik ba ne ba Rajaz ba ne, kun cika waƙa da lambobi kamar rasit, kuma na Dawanau "wuya" da "biyayya" ya ja su ne kawai da ƙarfin tsiya.

Malamin Gwale:
Ƙanena ana cewa "sittin da bakwai" a wuce, kowa ya gane. Kai da ka san kari shekara nawa kana gyara mana ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba.

Mai Aruli:
Ko an gajarta ɗangon ya karye Malam.

Ɗan Dawanau:
To alƙali, wuya da biyayya duk "ya" suka ƙare ko kunnenka ne?

'Yar Fagge:
Ku bar mai gyaran nan, ga ta mata:

Nkrumah ya so gwamnati guda ga Afirka a Addis, 1963,
Balewa ya ce a bi sannu, kar gaggawa ta ɓata tafiya.
Turai da kwal da ƙarfe ta fara, ƙasa shida a 1951,
Sai 2002 yuro ya shiga hannun 'yan kasuwa da dukiya.
Birtaniya ta fita a 2020 ba wanda ya harba harsashi,
Mu kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS, Eco, tun muna 'yan mata ake mana tatsuniya.

Mai Aruli:
"Da dukiya" ciko ne Hajiya.

Ɗan Kwari:
Afuwan sai yanzu na samu caji. Malam dawo nan, ban gama da kai ba:

Ka ce in auna shadda, to na auno maka likkafani,
A 1953 wa ya nemi sako-sako in ba Arewa ba gaba ɗaya?
Buƙatu takwas manyanmu suka kafa, kowa ya ji da gidansa,
Yau an ce a sake fasali jikinka na rawa kamar farfaɗiya.

Malamin Gwale:
Gwamnan da kake wa yaƙi a ƙara masa iko,
Ƙananan hukumomi 44 gare mu, wacce ke da 'yancin tsaya?
Sai da Kotun Ƙoli a 2024 ta ce a ba su kuɗinsu kai tsaye,
Fara ƙwato na unguwarku kafin ka tunkari tsakiya.

Mai Aruli:
Ka maimaita "tsakiya" sau biyu Malam, aibi ne a amsa-amo.

Ɗan Dawanau:
Admin don Allah a cire mana wannan mutumin zuwa gobe.