Me za mu kira "integration" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Jiya a nan Abuja ina fassara wani rahoto kan ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sai kalmar "integration" ta tsaya mini a maƙogwaro. An saba cewa haɗin kai, ni kuwa raina bai kwanta da wannan fassara ba.

Haɗin kai ai ko da fatar baki ana yin sa. Shugabanni su hallara, su sa hannu, a ɗauki hoto, a watse. Abin da kalmar ke nufi ya fi haka nauyi: ƙasa ta yarda ta saki wani yanki na ikonta, a kan kwastan, a kan iyaka, har a kan kuɗin da take bugawa, don ita da maƙwabta su tafi tare. Nan ne gwiwar shugabanninmu ke yin sanyi. Tun 1975 aka kafa ƙungiyar a Legas, da ƙoƙarin Gowon na Najeriya da Eyadema na Togo. A 1979 aka amince ɗan yankin ya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Duk da haka, a Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. Ku tambayi fataken Illela da Maigatari abin da suka gani. Kuɗin bai-ɗaya kuwa, Eco, an sa masa 2020, aka ɗage zuwa 2027.

Wata abokiyar aiki ta ce mu ce dunƙulewa. Wannan ta yi yawa; abin da aka dunƙula kamar fura ba a gane gero daga yaji, kuma ba ƙasar da ta ce za ta narke. Haɗaka kuma 'yan siyasa sun riga sun kama ta.

Ni abin da na kawo shi ne ɗinkewa. Ƙyalle biyu in an ɗinka su kowanne na nan da launinsa, bakin ɗinkin ma ana ganinsa, amma riga ɗaya ce. Kuma aikin allura ne, kaɗan-kaɗan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zare ne. Wutar da Najeriya ke ba Nijar zare ce, ita aka tsinka a Agustan 2023 bayan juyin mulki, talakan Yamai ya kwana cikin duhu. Ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, a Janairun 2025, cewa na yi a raina ɗinki ya farke. Har yanzu abin yana mini ciwo.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Yaro, ai sai abin da ya yage ake ɗinkewa." Na ce, "Baba, ai yagawar aka yi. Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani." Ya ce to tsakaninmu da Laberiya fa? Nan na ba shi gaskiya rabi, amma tela ma yakan haɗa yadin da bai taɓa haɗuwa ba.

Na dai rubuta "ɗinkewar ƙasashen yanki" na miƙa aikin. 'Yan'uwa na Damagaram da Tawa, ku da kuke fassarawa daga Faransanci, me kuke cewa a rediyonku?