Waɗanda suka taɓa hawa Kilimanjaro, ku ba ni labari: kwana 5 ko kwana 7?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Shekara uku ke nan ina tara kuɗin hawa dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, yanzu dai abu ya kankama, ina sa ran watan Agusta in Allah ya kai mu. Kamfanin da muke magana da su a garin Moshi sun ba ni zaɓi biyu: hanyar Marangu kwana 5, ana kwana a ɗakunan katako, ko hanyar Machame kwana 7 a tanti. Tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce. Shekarata 31, ina buga ƙwallo duk Asabar, don haka raina ya fi kwanciya da kwana 5. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya, ba irin ta hotuna ba.

Baban Khalil

Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafin da kake yi shi na yi, ni ma har da taƙamar ƙwallon. Marangu na bi, kwana 5, kuma ban kai ba.

Ranar farko cikin daji ake tafiya har zangon Mandara, mita 2,700, ga birai ga inuwa, har na riƙa wuce ɗan jagora ina jiransa a gaba. Shi kuwa ba ya cewa komai sai "pole pole", wato sannu sannu da Swahili. Haushi ma yake ba ni. Rana ta biyu Horombo, mita 3,700 da 'yan kai, ciwon kai ya fara, na ɓoye. Rana ta uku muka ratsa wani fili fayau, ba itace ba ciyawa, muka isa Kibo, mita 4,700. Aka kawo abinci na kasa kai loma uku. Ni da ba na barin komai a kwano!

Ƙarfe 12 na dare aka tashe mu. Wajen kogon Hans Meyer, wanda aka sa wa sunan Bajamushen da ya fara kaiwa ƙololuwa a 1889, a nan amai ya ƙwace min. Na miƙe ina tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Ɗan jagoran ya haska min fuska, ya ce in taka layi miƙe, taku biyar kawai. Na kasa. Ya ce sai ƙasa. Har gardama na yi masa, wai na biya kuɗina. Bai ko kula ni ba, ya karɓi jakata ya riƙe min hannu. Kafin mu koma Horombo na warware ras, na cinye shinkafa kwano biyu ina jin kunyar kaina.

Ba ƙafa ce ke kasawa ba. Iskar da kake shaƙa a can sama ba ta wuce kusan rabin amfanin ta ƙasa ba, jiki kuma sai an ba shi kwanaki ya saba. Ka ƙara kuɗin.

Uwar Biyu

Ni Machame na bi kwana 7, ni da ƙawata, kuma Alhamdulillahi mun kai. Ba na ƙwallo, ba na gudu, tattaki kawai na yi na wata huɗu da jaka a baya.

Sirrin hanyar yana rana ta uku. Daga zangon Shira za a hau da ku har Lava Tower, mita 4,600, ku ci abincin rana kanku na sarawa, sannan a gangaro da ku Barranco ku kwana ƙasa da mita 4,000. Ranar na yi mita, na ce wannan wace irin ɓarnar wahala ce, a hau a sauko. Washegari na farka garau. Katangar Barranco da ake tsoratar da mutane da ita kuwa, ita na fi jin daɗi. Hannu da ƙafa ake hawa, akwai inda sai ka rungume dutse ka zagaya shi, amma 'yan dako da kaya a ka suke wuce ka suna hira.

Daren ƙarshe daga Barafu, zangon da ake tashi zuwa ƙololuwa, shi ne abin. Ka ɗaga kai ka ga fitilun goshin mutane sun yi layi har sama, ka rasa ina fitila ta ƙare ina taurari suka fara. Ruwan da ke cikin tiyon jakata ya daskare tun kafin ƙarfe 3. Sai gorar da mai jagora ya sa na cusa cikin safa na kifa ta a cikin riga, ita ta cece ni. Dabinon da na taho da shi ya zama kamar tsakuwa, sai na sa a kumatu ya jiƙa. Taku goma, in tsaya in jingina da sanda, in yi salati, in ƙara goma. Mun kai Stella Point, mita 5,756, daidai rana na ɓullowa ta bayan tsaunin Mawenzi, na zauna na fashe da kuka ba dalili. Daga nan zuwa Uhuru, wato ƙololuwar, mita 5,895, ba wani tudu sosai, amma mun ci kusan awa ɗaya. Mintin da muka yi a wurin allon bai kai 15 ba, hoto biyu aka ce mu juya.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne saukowa. Gwiwa ta gaya min, farcen ƙafata biyu suka yi baƙi suka fita bayan na dawo gida.

Mai Shayin Dala

Ni da matakalar Dala ke sa ni haki, me ya kawo ni nan? Allah ya ba da sa'a dai, ina karatu daga gefe.

Malam na Damagaram

Ɗan'uwa, fara da biza. Lokacin da na je, mu 'yan Nijar da ku 'yan Najeriya ba a buga mana a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa. Tawa ta ci makonni. Kada ka sayi tikiti sai ta fito. Katin rigakafin shawara ma ya kasance a hannunka.

Batun salla: mun saba gabas, can kuwa alƙibla arewa take, da ɗan karkata kaɗan. Daren farko gabas na fuskanta abina, sai mai dafa mana abinci, Musulmi ne, ya zo ya juya ni yana dariya. Na yi ƙasaru ina haɗa salloli. Da safe ana kawo ruwan ɗumi a ɗan baho, da shi nake alwala. Can sama da sanyi ya tsananta taimama na yi. Asubar daren ƙololuwa a kan hanya ta riske ni, na yi ta a zaune bisa dutse, ko safar hannu ban cire ba.

Nas ɗin Jos

Akwai abin da ya shafe mu musamman wanda kamfanoni ba sa tambaya: nau'in jini, wato genotype. Mai sikila, wato SS, wannan tafiya ba tasa ba ce. Mai AS ma, ko da bai taɓa ciwo ba, ƙarancin iska a tsauni na iya taɓa masa saifa. Ka yi gwaji ka zauna da likita tukuna. Shi zai gaya maka ko Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da ƙarancin iska, ya dace da kai. Ni na sha, ya sa ni fitsari ba ƙaƙƙautawa da jin ƙaiƙayi a yatsu, fita tanti ƙarfe 2 na dare kuwa ba wasa ba ne. Kuma don Allah in ana sa maka na'urar auna iskar jini a yatsa da yamma ana tambayar yaya kai, kada ka yi irin ta Baban Khalil.

Baban Khalil

Na karɓi laifina, 'yar'uwa. Ƙarin abu ɗaya, ƙanena: in ka ga farashi ya yi araha fiye da kima, daga jikin 'yan dako aka yanko shi. Kuɗin gandun dajin ba ya raguwa, lokacin da na je dala 70 ne kowace rana kafin na wurin kwana da haraji. Ƙa'ida kaya kilo 20 kowane ɗan dako, ana aunawa a ƙofa, amma na ga yaro da takalmin da tafinsa ya huje yana hawa Kibo. Tambayi kamfanin ko suna cikin tsarin KPAP, masu sa ido kan haƙƙin 'yan dako. Kuɗin sallama kuma ka ware shi daban, ka miƙa wa kowa nasa a hannu.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙwallo dai ta sha kashi, na rubuta musu Machame kwana 7, Litinin kuma zan je gwajin jini. Saura kaya. Rigar sanyi zan duba gwanjo a Ƙofar Wambai, takalmi fa, in yi haya a Moshi?

Uwar Biyu

Jakar barci da sanduna ka yi haya, ba laifi. Takalmi kam saya naka yanzu, ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda kake sawa saboda safa biyu, ka fara yawo da shi tun gobe ko mutanen Fagge za su yi maka dariya. Ka yanke farce kafin ka hau. Ka kuma taho da yajinka, miyarsu ba ta da kai.