Ƙarya na'urar damtse ke yi, ko makara?

Malam Habu, mai kyamis, Ringim: Salamu alaikum. Jama'a, abin nan ya ishe ni. Na'urar auna suga da ake liƙawa a bayan damtse, wadda 'ya'ya ke aiko wa iyayensu daga Saudiyya da Ingila, ta fara shigo mana ƙauyuka, kuma ƙarya take yi. Wayar da na'urar ke aika wa lambar suga ta nuna 140, a huda yatsa nan take a auna jinin da mita a ga 168. Tsoho mai allurar insulin wanne zai bi? Da zarar an liƙa masa sai ya cusa mitar yatsa a ƙarƙashin gado, ya ce ya huta da huda. Wa zai ja musu kunne?

Sista Rabi, Gumel: Wa'alaikumus salam. Malam Habu, kalmar ƙarya ta yi nauyi. Ai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Mitar yatsa jini take aunawa. Ta damtse kuwa wani siririn zare ne ke zaune a ƙarƙashin fata, yana auna sugan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama. Sai suga ya shiga jini kafin ya tsatso cikin wannan ruwan, kuma hakan kan ɗauki minti 5 zuwa 15. Wanda ya gama shan koko da ƙosai yanzu, sugansa na hawa, yatsa zai riga damtse. In yana sauka, damtse ne zai nuna sama. Shi ya sa aka sa kibiya kusa da lambar, mai nuna ko suga na hawa ko yana sauka. Makara ce, ba ƙarya ba.

Malam Habu: Sista, ga mutumin da ke riƙe da sirinji, labarin da ya zo a makare mene ne bambancinsa da ƙarya?

Malam Nasiru, ɗakin gwaje-gwaje, Haɗeja: Ku duka kun ɗauka yatsa ne alƙali, alhali shi ma wanda ake tuhuma ne. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan ingancin mitar suga, wato ISO 15197 ta 2013, ta yarda mitar yatsa ta kauce da kashi 15 cikin ɗari idan suga ya kai 100 ko ya wuce, da maki 15 idan bai kai ba, kuma a gwaji 95 cikin ɗari kawai aka wajabta mata hakan. To a ce sugan gaskiya 150 ne. Mita mai lafiya lau tana iya nuna 128, tana iya nuna 172. Malam Habu, 140 da 168 ɗinka duka suna cikin wannan da'irar. Alƙali ɗaya ne, jinin jijiya da aka auna a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje.

Sista Rabi: Yaya Nasiru, wane lab ɗin? Jinin da aka ɗiba a ƙauye da ƙarfe takwas, aka ba ɗan acaɓa, ya iso gari sha ɗaya? Ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sugan a cikin kwalba, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa. Awa uku, 150 ya koma kusan 125.

Malam Nasiru: Don me aka yi kwalba mai murfi ruwan toka? Akwai fuloraid a ciki, yana tsayar da cin sugan. In nas ta zuba jinin a kwalba mai jan murfi, laifin lab ne?

Sista Rabi: Fuloraid ɗin ba ya kama aiki nan take, awa ɗaya zuwa biyun farko suga na ci gaba da raguwa, kai ma ka sani. Abin da ya dace a juya jinin a raba ruwansa cikin minti 30, ko a sa kwalbar cikin ƙanƙara. Ina wutar, ina ƙanƙarar? Kuma a daina ɗora wa nas komai. Wa ke raba kwalaben?

Malam Nasiru: Wa ke rubuta lokacin ɗiba a jikin takarda? Rabin takardun da ke zuwa lab babu lokaci a kansu.

Hajiya Talatu, ungozoma, Kazaure: Ku yi haƙuri, ni kalmar ce ta tsaya min. Ƙarya sai da niyya. Ƙarfe da roba ba su da niyya. A ce kuskure.

Malam Habu: Hajiya, ai Bahaushe na cewa agogon nan ƙarya yake yi, ba wanda ya taɓa tambayar niyyar agogo.

Hajiya Talatu: Agogo ba ya sa mutum ya tsorata da magani. Ka ce wa tsohuwa na'urarta maƙaryaciya ce, gobe ta ɓalle ta ta yar, ta koma jiƙe-jiƙe.

Idris, mai haɗa magunguna, Dutse: Ranku ya daɗe, akwai inda take ba da lamba marar tushe ko da suga a tsaye yake, makara ba ta bayyana wannan. Wanda ya kwanta a kan damtsen da aka liƙa ta, nauyinsa na matse wurin, sai ta yi ta ƙara cikin dare tana nuna 55, alhali yatsa 100. Ya tashi ya sha lemo a banza, da safe suga ya haura. A kan tabarma ko daɓe abin ya fi faruwa. Awa 24 na farko bayan liƙawa ma ba a cika dogara da ita ba, wurin bai gama sabawa da zaren ba. Sai magunguna. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana yana ɗaga lambar na'urar damtse samfurin FreeStyle Libre 2. Hydroxyurea, wanda masu sikila ke sha, yana ɗaga lambar na'urorin samfurin Dexcom G6 da G7, kuma wannan ne mai haɗari a wurinmu, don sugan mutum na iya faɗuwa waya tana nuna lafiya. Farasitamol ma in ya wuce giram 1 kowace awa shida yana taɓa G6.

Malam Habu: Alhamdulillahi, Idris ya ce ƙarya take yi.

Idris: Ban ce ba, Malam. Sababbin na'urorin nan matsakaicin kaucewarsu daga lab kashi 8 zuwa 10 ne cikin ɗari. Kuma suna ganin abin da yatsa ba ya gani, faɗuwar suga ƙarfe uku na dare, lokacin da ba wanda ke huda kansa.

Sista Rabi: Kuma a duba yadda ake gwajin yatsan. Tsinken gwaji, wanda ake ɗiga wa jinin a mita, ba a so ya wuce zafin digiri 30, ga shi a Afrilu ɗakin kwano na haura 40. A bar murfin robar tsinken a buɗe, ko tsinke ya wuce wa'adinsa. Mutum ya taɓa dabino ko mangwaro bai wanke hannu da sabulu ya bushe ba, lamba ta yi sama. A matse yatsa da ƙarfi, ruwan nama ya gauraya da jinin. Mai ƙarancin jini ma mita na iya ƙara masa.

Malam Habu: Wato kyamis ne ke lalata tsinke? Faɗi kai tsaye, Sista.

Sista Rabi: Ɗakin kwano na ce. Ban ambaci kyamis ba.

Hajiya Talatu: Masu sikila da Idris ya ambata, su ko HbA1c na lab ɗin, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ma ba a dogara da shi a kansu, ƙwayoyin jininsu ba sa kai wata uku. Yaya Nasiru bai faɗi wannan ba.

Malam Nasiru: Ba a tambaye ni ba. Kuma HbA1c daban, sugan jijiya daban.

Alhaji Sabo, shugaban zaure, tsohon ma'aikacin lab: To, a tsaya haka, magariba ta yi. Abin da aka cimma: jinin jijiya a lab shi ne ma'auni, kamar yadda Malam Nasiru ya bayyana da hujja. Ba a tabbatar wa mutum ciwon suga da na'urar damtse, sai lab ya nuna 126 ko sama kafin karin kumallo. Mai na'urar damtse kada ya yar da mitar yatsa. In lamba ta saɓa da yadda yake ji, ko ta nuna ƙasa da 70, ko ranar farko ce, ya wanke hannu ya huda kafin ya yi allura. In kuwa yana rawar jiki da gumi kuma mita ba ta kusa, ya sha abu mai zaƙi tukuna. Nas-nas kuma su riƙa rubuta lokacin ɗiba. Kalmar ƙarya an janye ta.

Malam Habu: Alhaji, ni ban janye ba.

Sista Rabi: Baba, maganar awa uku a kan acaɓa fa? Ba ta shiga ba.